Zauren Tarbiyya: Ƴar tsanar takarda



Idan hutun makaranta ya zo, gida kan cika da yara marasa abin yi, kuma hannun da ba a ba shi aiki ba, wayar salula ce za ta ba shi. A wannan fitowa muna kawo muku wata ƴar sana'a mai sauƙin kuɗi: ƴar tsanar takarda, wadda ake zanawa da baƙi a kan fari, yaro ya shafa mata launi da kansa.

Tambayar farko ita ce ta hukunci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), bai kuwa hana ba. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa, wanda ya rasu a shekara ta 544 bayan Hijira, ya kafa hujja da wannan cewa an keɓe ƴan tsanar ƴan mata daga hanin sura, domin suna koya musu reno da hidimar gida. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, sai ya bar fuskar babu ido babu baki.

Ga yadda ake yi. A samu farar takarda A4, a zana mutum mai tsawon kamar santimita 15, hannuwa a ɗan buɗe, sanye da rigar ciki. A ɗora wata takardar a kai, a manna su a jikin gilashin taga, haske zai nuna jikin, sai a zana tufafi daidai da shi: zane, riga, kallabi da hijabi, ko kaftani, babbar riga da hula. Kowace tufa a yi mata kunnuwa biyu a kafaɗa, masu faɗin santimita 1, waɗanda za a lanƙwasa su riƙe ta. A bi zanen da baƙin alƙalami mai kauri, don siririn layi kan ɓace a injin fotokopi. A adana na asali, a ba kowane yaro kwafinsa, rigima ta ƙare.

Launi ake fara sawa kafin yanka. Jikin a liƙa shi a kwalin sukari ko na shayi don ya yi ƙarfi. Almakashi kuwa ya zauna a hannun babba.

Hattara da abu guda: kada a yanka takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah.

Ribar wannan wasa ta wuce nishaɗi. Yarinyar da ta suturta ƴar tsanarta da hannunta ta fara son sutura tun kafin a yi mata wa'azi, yatsun da suka saba bin layi kuma ba za su sha wuyar alƙalami da allo ba.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Wassalam.