Makanike kuka ce? To wa zai tayar da na'urar in ta mutu?



Yau wani abu ne ya tsaya mini a rai tun da na zo gida hutun ƙarshen mako. Wani ƙanenmu ya ci bak D bana da maki mai kyau. An taru ana yi mishi barka, sai wani dattijo ya ce, "To ɗana, sai dokta ke nan?" Yaro ya ce a'a baba, injiniyan na'urorin asibiti yake son zama, abin da ake kira génie biomédical da Faransanci. Wallahi wuri ya yi tsit. Can wani ya bushe da dariya ya ce, "Au, shekara 13 kana lakwal don ka ƙare a makanike?" Tun ranar mahaifinsa ya kafe: ko dokta, ko ya zauna gida.

Ni kam ban yarda ba, ko da za a ce na yi wa manya tsaurin ido.

Shekara biyu da suka wuce na kai matata wani asibiti da ciki wata takwas, jini na zuba. Akwai dokta, akwai ungozoma. Akwai kuma na'urar ekografi a kusurwa, an lulluɓe ta da zane. Wata huɗu ba ta aiki, ana jiran wani ya zo daga Yamai ya duba ta. Dokta ya dube ni ya ce ba zai iya ganin abin da ke cikin mahaifa ba, mu wuce gaba. Haka muka kama hanya cikin dare. Allah ya taimaka uwa da ɗa suka rayu, amma a daren nan na gane dokta in babu kayan aiki hannunsa a ɗaure yake.

Kada ku ce ƙaddara ce ta faɗa mana mu kaɗai. A 2011 masu bincike na jami'ar Duke ta Amurka sun ƙirga na'urorin asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kusan 38 cikin 100 ba sa aiki. Cikin manyan dalilan akwai rashin waɗanda aka horar su kula da su.

Mu nan ma abin ya fi tsanani, don an ƙera kayan ne a ƙasashen sanyi da tsayayyar wuta. Ku ɗauki na'urar da ke ba jarirai iskar oksijin. Iskar ɗaki take zuƙa ta tace, to in ƙurar hunturu ta toshe matacin, sai ta yi ta ƙara alhali abin da ke fita ya raunana. Uwa na ganin fitila a kunne, tana zaton ɗanta na samun iska. Wa zai auna ya gane? Firijon rigakafi na CSI dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, a ƙasar da zafin Afirilu ke wuce 40. Ga kuran mai zuwa da ƙarfi ya ƙone kaya, ga ɗaukewa. Kun manta Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta? Lokacin ran maras lafiya ya rataya ne a kan gurub da batir da faranti mai hasken rana, da wanda ya iya haɗa su.

Wannan shi ne mutumin da kuke yi wa dariya.

Na san abin da za ku ce: ina aikin yake? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ɗaukar aikin gwamnati na da nawa. Amma ku ƙirga: babban asibitin ƙasa na Damagaram, asibitin Matameye, na Magarya, asibitocin kuɗi, ɗakunan gwajin jini, kamfanonin da ke sayar da kayan, ƙungiyoyin agaji. Duk inda aka sa na'ura, wata rana za ta tsaya. Wanda ya iya ta kuwa ko ba a ɗauke shi ba yana iya buɗe nasa wurin.

Ina ake karatun? Akwai shi a EPAC ta Abomey-Calavi a Benin, akwai a jami'ar Ilorin a Najeriya, Senegal kuma na da cibiyar horar da masu kula da kayan asibiti a Diourbel. Yaro na iya fara lantarki a IUT ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, sannan ya ƙware.

Ku ma samari ina da magana da ku. Wannan karatu ba mafakar wanda bai samu gurbin likitanci ba ne. Akwai lissafi, akwai fizik, akwai lantarki da kwamfuta, akwai sanin jikin mutum, kuma littattafan na'urorin da yawa da Turanci suke. In kana ƙyamar datti a hannu, nemi wani abu.

Hukumomi kuma, haba! Har yaushe za mu riƙa yanka kyalle muna tafi an ba mu kyautar na'ura, ba a tambayi wa zai kula da ita ba, ina kayan canji, nawa aka ware na gyara? Kayan aro ba ya rufe katara. Ku ba yaran nan bursi, in sun gama ku ɗauke su aiki.

Kawu, kai nake roƙo a ƙarshe, da girmanka. Burinka ɗanka ya ceci rai, shi ma burinsa ke nan. Ka sa mishi albarka ya tafi. Wata rana ƴarka ko jikarka ce za a kwantar a gaban wannan na'ura.

Wanda ya taɓa tarar da na'ura a mace a asibiti ya ba mu labari a ƙasa, ba sai ya kama suna ba. Allah ya ba mu lafiya.