Shekara 100 na Grand Ole Opry: Wahalar zama mai gabatar da kiɗan Country a Amurka ta yau

A ranar 28 ga Nuwamban 2025 ne shirin Grand Ole Opry ya cika shekara 100 ana watsa shi daga Nashville, babban birnin jihar Tennessee ta Amurka. Babu wani shirin rediyo a ƙasar da ya kai shi daɗewa. Wani kamfanin inshora ne ya kafa gidan rediyon WSM a 1925 domin tallata hajarsa, sai ma'aikacin gidan George D. Hay ya fara gayyato masu goge da garaya irin na Turawan karkara suna wasa kowace Asabar da dare. Daga nan kiɗan da ake kira Country ya samu gida, kuma daga nan aka samu sana'ar mai gabatar da shi.

Masu sauraren rediyo a Najeriya ba baƙin wannan kiɗa ba ne. Duk wanda ya tashi a shekarun 1970 da 1980 ya san muryar Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton da Kenny Rogers. Abin da bai cika fitowa fili ba shi ne, a can Amurka mawaƙan nan sun dogara ne da mutumin da ke zaune a gaban makirufo, wanda yake zaɓar faifan da za a saka. Bikin cika shekara ɗarin ya zo a daidai lokacin da wannan kujera take rawa.

Tarihin Ralph Emery ya nuna yadda tsohuwar hanyar take. Ya fara aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a garin Paris na jihar Tennessee a 1951, yana ɗan shekara 18. A 1957 WSM ta ba shi shirin tsakar dare, lokacin da ma'aikata ba su cika so ba. Amma tashar tana da ƙarfin wat 50,000, kuma zangon AM yakan yi nisa da dare, don haka direbobin manyan motoci a jihohi da dama suka zama masu saurarensa. Ya bar ƙofar ɗakin watsa shiri a buɗe, mawaƙa suna shigowa da sababbin faya-fayansu a zauna a yi hira har asuba. Shekara 15 ya yi a haka. Amanar da ya tara a wajen mawaƙa ita ta kai shi talabijin, inda ya gabatar da shirin Nashville Now a tashar TNN daga 1983 zuwa 1993. Ya rasu a Janairun 2022.

Wato matakalar a bayyane take: ƙaramin gari, aikin dare, babban birni, sannan talabijin. Abin da ya karya ta shi ne dokar sadarwa ta 1996, wadda ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tara tashoshi kusan 1,200. Da bashi aka yi yawancin wannan saye, kuma bashin ya biyo baya: Cumulus ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2017, iHeartMedia a 2018, Audacy kuma a Janairun 2024. Kamfanin da bashi ya yi wa katutu albashi yake fara dubawa. Sai aka koma naɗar muryar mutum ɗaya a birni ɗaya ana rarraba ta ga garuruwa da yawa, shirin dare kuma, inda Emery ya koyi aiki, kwamfuta ce take tafiyar da shi a yawancin tashoshi.

Wanda ya fi kowa cin ribar sabon tsarin shi ne Bobby Bones. An haife shi a 1980, ya tashi cikin talauci a ƙauyen Mountain Pine na jihar Arkansas, ya shiga rediyo yana ɗan shekara 17. A birnin Austin ya yi suna, a tashar da take saka kiɗan zamani na matasa. A 2013 kamfanin ya ɗauke shi zuwa Nashville ya ba shi shirin safe na WSIX, ya kuma baza shirin zuwa tashoshinsa na kiɗan Country a jihohi da dama. Tsofaffin masu sauraro sun yi gunaguni cewa baƙo ne a fagen. Bai hana ba: a 2017 aka shigar da shi jerin gwarazan rediyo na ƙasar, a 2018 ya lashe gasar rawa ta Dancing with the Stars, ya kuma zama mai horar da 'yan takara a American Idol. Girman shirin ya zo da girman hasara idan an yi kuskure, domin a 2015 hukumar sadarwa ta FCC ta ci tarar kamfanin dala miliyan ɗaya saboda an saka sautin gargaɗin gaggawa a shirin ba bisa ƙa'ida ba, sautin kuma ya bazu zuwa wasu tashoshi.

A nan ne lamarin yake da ɗaure kai. Ana nuna Bones ga matasa a matsayin shaidar cewa ɗan talaka zai iya kai wa ƙololuwa ta rediyo, alhali kowace tashar da ta ɗauki shirinsa ta rufe gurbin da wani matashin garin zai fara koyon aikin safe. Ba laifinsa ba ne, tsarin kasuwar ne, amma sakamakon ɗaya ne.

Talabijin ma ta daina zama mafaka. TNN ta bar kiɗan Country tun 2000. Tashar Circle, wadda masu Opry suke da hannu a cikinta, ta fara aiki a Janairun 2020, ta sauka daga iska a ƙarshen 2023. CMT kuwa ta dakatar da bikin ba da kyaututtukanta na 2025 a lokacin da uwar kamfaninta Paramount take shirin haɗewa da Skydance.

Abin mamakin shi ne kiɗan kansa bai taɓa samun kasuwa irin ta yanzu ba. Waƙar Shaboozey, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard Hot 100 a 2024. Kundin Cowboy Carter na Beyoncé ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a Fabrairun 2025. Sai dai da waƙarta Texas Hold 'Em ta fito a Fabrairun 2024, wata tasha a jihar Oklahoma ta fara ƙin saka ta, sai da masoyanta suka yi ca a intanet sannan ta sauya. Waƙar ta hau saman jadawalin kiɗan Country ba tare da ta jira izinin kowa ba. A da, ƙin amincewar gidan rediyo yana iya kashe waƙa. Mata sun daɗe suna kuka da wannan iko, musamman tun 2015 da wani mai ba tashoshi shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce a rage saka waƙoƙin mata idan ana son riƙe masu sauraro.

Saboda haka masu neman sana'ar suka canza ƙofa. Kelleigh Bannen, wadda mawaƙiya ce tun asali, ta zama babbar muryar Apple Music Country da aka buɗe a 2020. Rissi Palmer ta buɗe shirin Color Me Country a wannan dandali domin tono tarihin baƙaƙen fata a kiɗan, tarihin da ya faro tun DeFord Bailey, ɗaya daga taurarin farko na Opry. Storme Warren ya bar SiriusXM a 2023 ya koma tashar intanet ta Garth Brooks. Dukkansu da sunansu suka iso, sun riga sun san mawaƙa, mawaƙa sun san su. Kamfanonin suna ɗaukar wanda ya zo da jama'arsa, ba su da niyyar rainon sabo.

Har yanzu akwai tashoshin kiɗan Country fiye da 2,000 a Amurka, kuma babu wani salon kiɗa da ya kai shi yawan tashoshi. Wasu daga cikinsu na iyalai ne a ƙananan garuruwa, inda mai gabatarwa yake karanta farashin shanu da sanarwar rasuwa, ya kuma fita neman talla da rana. Albashin ba shi da yawa, amma nan ne kaɗai ya rage da za a bar ɗan shekara 18 ya yi kuskure kai tsaye a iska. Yawancin irin waɗannan tashoshi da WSM kanta suna dogara da mai sauraro a cikin mota, shi ya sa suke zuba ido ga ƙudirin da ke gaban majalisar dokokin Amurka na tilasta wa kamfanonin ƙera motoci su bar zangon AM a sababbin motoci, bayan da wasu masu ƙera motocin lantarki suka fara cire shi.