ABIN SANI GA MANOMA DA MAKIYAYA: Tauraron ɗan adam da cikar Komadugu

Ruwan da ke cinye gonakin tattasai a bakin Komadugu ba a Difa ya faɗi ba. Daga nesa yake fitowa. Wani daga duwatsun Jos da ƙasar Bauci, ta kogin Jama'are. Wani daga ƙasar Kano, ta kogin Haɗeja. Su gamu wajen Gashuwa, su bi ta Gaidam, sa'an nan su zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, su wuce Damasak da Difa har Boso, su faɗa tafkin Cadi.

Tafiyar nan doguwa ce. Ruwan yakan bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya yi makonni a can, kana ya taso. Shi ya sa kogi ke cika a Difa bayan damina ta ɗauke, cikin Oktoba da Nuwamba. Lokacin nan sama ta yi fes. Manomi ya riga ya dasa tattasai, ya zuba kuɗinsa cikin taki da man inji, wani ma da bashi.

Haka ta faru a watan Oktoba na 2019. Kogi ya tsallake gaɓa, ya shiga gonaki da gidaje. Hukuma ta ƙidaya mutum wajen 23,000 da suka bar muhallinsu. Da yawa cikinsu dama ƴan gudun hijira ne, tashinsu na biyu ko na uku ke nan. A 2022 kogi ya sake yin haka.

To, ruwan da ke tafiyar makonni, ai ya kamata labarinsa ya riga shi isowa. A nan tauraron ɗan adam ya shigo cikin zancen.

Mene ne shi? Na'ura ce da mutane suka ƙera, suka harba ta sama da roka, tana kewaya duniya. Ta farko mutanen Rasha suka harba ta a 1957. Wasu suna can nisan kilomita 36,000. Tafiyarsu ta yi daidai da juyin ƙasa, don haka kullum kamar suna tsaye wuri guda. Shi ya sa farantin talabijin, in an saita shi, ba a sake taɓa shi. Wasu kuma suna kusa, ƴan ɗaruruwan kilomita, suna gama kewaye ɗaya cikin kamar awa ɗaya da rabi. Makiyaya sun san su. Su ne ƙaramin hasken nan mai tafiya shiru tsakanin taurari bayan magariba, ba ƙara, ba ƙyaftawa.

A lokacin masifa aiki biyu suke yi: suna ɗaukar magana, suna kuma gani.

A fara da magana. Wayar salula da ke aljihun kowa ba da sama take magana ba. Da dogon ƙarfen nan na bakin gari take magana. Ƙarfen kuwa yana son wuta, yana son mai, yana son mai gadi, yana son hanyar da mota za ta bi ta kai masa gyara. In ɗaya ya ɓace, rezo ya tafi. Kuma ranar da aka fi bukatar rezo, ranar ce ya fi saurin tafiya. Wani lokaci ma da gangan a kan yanke shi: a watan Mayu na 2013 gwamnatin Najeriya ta rufe layin salula a jihohin Barno, Yobe da Adamawa saboda yaƙi da Boko Haram.

Mutanen Gagamari ba sa bukatar a faɗa musu yadda irin ranar nan take. A ƙarshen Nuwamba na 2014 aka faɗa wa Damasak, dubban mutane suka tsallako kogi yana cike, suka zube a Gagamari, ba tabarma, ba tukunya. A watan Afrilu na 2021 aka sake faɗa wa garin, har aka lalata mazaunin ma'aikatan agaji da ke can, mutane suka sake tsallakowa. A irin wannan rana dole wani ya sanar da Difa, Difa ta sanar da Yamai, mai nisan fiye da kilomita 1,300. Buhun hatsi nawa? Tanti nawa? Magani wane iri? In maganar ta makara kwana uku, yara ne ke biya.

Wayar tauraro ba ruwanta da ƙarfen bakin gari. Kai tsaye take aika magana sama, tauraro ya mayar da ita ƙasa a wani wuri mai nisa inda layi ke aiki. Wadda aka fi sani a ƙasar nan ita ce Thuraya, ta wani kamfanin Larabawa, wadda direbobin hamada da mutanen Ngurti suka daɗe da sani. Akwai kuma babban faranti, wanda ake kafawa a ofis ko a sansani, mutum da yawa su yi aiki da shi lokaci guda. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, inda layuka suka mutu ƙurmus, ƙasar Luksamburg ta shirya irin kayan nan cikin akwatuna, a ɗora su a jirgi a kai duk inda masifa ta faɗa. An kafa irinsu a Difa domin ma'aikatan hukumar ƴan gudun hijira.

Nijar ta ga amfanin abin tun kafin nan. A yunwar 2005, wata ƙungiyar Faransa mai suna Télécoms Sans Frontières ta kafa kayan tauraro a Dakwaro, cikin jahar Maraɗi. Daga baya ta haɗa wasu gundumomi na nesa da ofishin da ke lura da ƙarancin cimaka a Yamai. A da, takardar da ke faɗin kuɗin tiyar hatsi a kasuwa da halin gonaki sai ta jira mota, ta yi kwanaki ko makonni a hanya. Da tauraro, ranar da aka rubuta ta, ranar take isa.

Amma kayan nan suna da nasu sharaɗi. Wayar tauraro ba ta aiki cikin ɗaki, sai a fili. Faranti yana son wuta, ko ta inji ko ta hasken rana. Ruwan sama mai ƙarfi yakan raunana shi. Kuma minti ɗaya na Thuraya ya fi na salula tsada nesa ba kusa ba.

Aiki na biyu shi ne gani. Akwai taurari masu ɗaukar hoton ƙasa. Wasu kamar ido suke, in akwai hadari ba su ganin komi. Wasu kuwa, kamar Sentinel-1 na ƙasashen Turai wanda aka fara harbawa a 2014, ba su damu da hadari ko dare ba. Suna aika wani abu ƙasa su saurari dawowarsa, kamar mai kira cikin rijiya yana jiran amsa. Ƙasa da itatuwa da gidaje suna mayar da amsa. Ruwa mai kwance kuwa ba ya mayarwa, sai ya fito baƙi cikin hoton. In an ajiye hoton makon jiya kusa da na yau, sai a ga inda baƙin ya ƙaru, a kuma ga inda ya nufa. Tun shekarar 2000 manyan hukumomin sararin sama suka yi alkawari: ƙasar da masifa ta faɗa wa, hukumarta ta nema, a ba ta hotunan kyauta. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan, mai bin ruwan sama da koguna da ciyawar daji ta hotunan tauraro. Hotunan nan suna nuna inda ciyawa ta yi da inda ba ta yi ba, har wutar daji suna gani.

Ke nan ilimin yana nan. Ruwan da ya taru a fadamar Nguru, ana iya ganinsa tun bai kai Gaidam ba.

To me ya sa har yanzu ruwa ke iske injin ban-ruwa a gona, ya iske buhun iri a ɗaka?

Saboda labari yana yin kilomita 36,000 zuwa sama, ya yi wasu 36,000 ya sauko, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Sai ya zo kilomita goma na ƙarshe, tsakanin ofis da gona, ya zauna. Takarda da faransanci take. Manomi da barbarci yake ji, ko hausa. Makiyayi da fulatanci, ko tubanci, ko larabci. Hoton kuma wanda bai koyi karanta shi ba, baƙi da fari kawai zai gani. Ga shi a 2015, da aka sa dokar ta-ɓaci a jahar Difa, an hana hawan babur, wanda shi ne ɗan aiken ƙauye. Duk wannan ba laifin tauraro ba ne. Aikin mutane ne bai ƙarasa ba.

An taɓa gwada maganin abin a Bankilare, can yamma cikin jahar Tilaberi. A 1999 aka buɗe ƙaramin gidan radiyo na gari mai aiki da hasken rana. Labarin yanayi yana fitowa daga cibiyar ACMAD ta Yamai, ya sauko ta tauraro, ƴan garin su juya shi cikin harsunansu su faɗa. Aka kuma raba akwatin radiyo mai wani hannu da ake murzawa, ba ya son batir. Kamfanin tauraron da aka yi aikin da shi ya karye a 2008, amma dabarar ba ta mutu ba: sama ta kawo, radiyo ta fassara, maigari ya sa a yi shela. A Difa ma, a 2023, hukumar abinci ta duniya PAM ta buɗe wani ɗaki inda talaka zai yi cajin waya, ya kira danginsa, ya shiga intanet. Wannan ya yi kyau, domin an daɗe ana kafa faranti don ma'aikata kaɗai, wanda masifa ta faɗa wa yana tsaye bayan shinge. Sai dai ɗaki ɗaya a birni bai isa ƙauyukan Shetimari da Geskeru da Boso ba.

Sa'an nan labari ba daga sama kaɗai yake saukowa ba. Daga ƙasa ma yana hawa. Tauraro yana ganin faɗin ruwa, amma tsawonsa a Difa ana duba shi a ma'aunin da ke Bagara. Tauraro bai san jinga ta tsage ba. Bai san ruwan kogi ya shiga rijiya ba, bai san mace mai naƙuda tana tsallaken ruwa ba. Wannan sai mutanen gari sun faɗa.

Kuma faɗar tana da hanya. Wanda ya samu waya a hannu, kafin ya buga, ya rubuta abin da zai ce, ko ya sa wani ya rubuta masa. Sunan gari, da sunan hukumar da garin ke ƙarƙashinta, don garuruwa masu suna ɗaya suna da yawa. Ranar da ruwa ya shigo. Gida nawa ya faɗi, mutum nawa ke kwana waje, yara ƙanana nawa ne cikinsu. Mota na iya shiga, ko sai jirgin ruwa? Wane ruwa ake sha? Akwai mai zawo da amai? Wannan na ƙarshe a faɗe shi da farko in akwai shi, don ba ya jira. "Ruwa ya gama da mu" magana ce ta gaskiya, amma ba a iya loda mota da ita.

A kuma bar ƙari. Akwai masu cewa in gida 40 ya faɗi a ce 100, wai ko an rage a samu wani abu. Yanzu mai karɓar saƙon yana da hoto a gabansa. In ya kama gari da ƙari sau ɗaya, baɗi ko gaskiya aka faɗa sai ya tsaya bincike, binciken kuwa kwanaki ne.

Akwai gargaɗi ɗaya, mai nauyi. Kayan tauraro ba ma'aikatan agaji kaɗai ke son su ba, masu ɗauke da bindiga ma suna so. A watan Yuni na 2013 sojan Najeriya ya hana riƙe Thuraya a jihar Barno. Yau kuma ga Starlink, ƙaramin faranti kamar faifai mai kawo intanet, wanda ya fara aiki da izinin gwamnati a Nijar a 2025. Wanda zai saya, ya saya ta hanyar da hukuma ta sani, ya riƙe takardarsa. In na gari ne, maigari da magajin gari da jami'an tsaro su san hannun wa yake. Makiyayin da aka tsare a daji da waya mai dogon ƙaho, ba takarda, ba mai shaidarsa, zai sha tambaya.

Abin da ya rage na gari ne, kuma tun watan Satumba ake yin sa, kogi bai cika ba. Bulama ya tara mutane, maza da mata, har da ardon rugar da ke kusa. A san wa ke sauraron radiyo kullum ya faɗa wa saura. A san wa ke riƙe da lambar magajin gari da ta gidan likita, a rubuce a takarda, don waya takan jiƙe. A san inda ake caji in wuta ta ɗauke. A zaɓi tudun da za a hau, da wanda za a kai bisashe. A kuma yanke tun yanzu: in aka ji ruwa ya yi yawa a Gashuwa da Gaidam, ranar nan za a fara kwashe injuna da iri da taki daga bakin kogi, a fara da na gidajen da ba su da amalanke.