Wa Zai Rubuta Tarihin Zangon Agege?

Yau magana ce a kan garinmu Agege, da yadda mu Hausawan Ikko muke sakaci da abu uku: tarihinmu, da taswirar wurin da muke zaune, da yawanmu.

A jihar Nebraska ta Amurka akwai wani ƙauye mai suna Monowi. A ƙidayar 2010 mutum ɗaya tak aka samu a cikinsa, wata dattijuwa. Duk da haka sunan ƙauyen yana cikin littafin gwamnati, an san iyakarsa, an san yadda mutanensa suka yi ta raguwa har aka zo kan mutum guda. Dalili kuwa shi ne Amurkawa suna ƙirga kansu duk bayan shekara goma tun 1790. To mu da muka haura shekara ɗari a Agege, ina littafin da ɗan Zango zai buɗe ya ga yadda kakanninsa suka zo?

Mai karatu, Agegen nan da kake gani cike da danfo da hayaniya, asalinta ƙauyen manoma ce. Awori ne suka kafa ta, wani reshe na Yarabawa, kuma ana cewa sunan ya fito ne daga kalmarsu ta masu saran itace. Jirgin ƙasa ne ya sauya ta. An fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya ratsa ta Agege, ya isa Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. A wannan zamanin ne masu hali daga cikin birnin Ikko, irin su J. K. Coker, suka buɗe manyan gonakin koko da goro a wannan yanki.

Goro shi ne igiyar da ta jawo mu. Kafin nan fatakenmu Gwanja suke zuwa, su yi watanni a hanya da jakuna kafin su kai kasuwar Salaga su dawo. Da goro ya samu a bakin dogo, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Bahaushe ya sauka a tasha, ya sayi goro, ya ɗaure huhu, ya loda a jirgi ya yi Arewa. Wasu suka zauna suka zama masu masauki da dillalai, suka yi aure, suka gina masallaci, aka naɗa Sarkin Hausawa. Haka Zango ya kafu. Kakana yana cikin waɗanda goro ya kawo, mahaifina ya gaji sana'ar, ni kuma a nan aka yanke mini cibiya.

Yau Agege ƙaramar hukuma ce da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 11 da ɗoriya ba. Tana maƙwabtaka da Ikeja da Ifako-Ijaiye da Alimosho, dogo kuma ya raba ta biyu. A cikin wannan ɗan fili ne ake da Pen Cinema da Dopemu da Isale-Oja da Orile, ga mayankar Oko-Oba inda shanun Arewa suke ƙarewa, ga kuma Markaz, makarantar Shehu Adamu Al-Ilori, wadda ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita nan. A 2021 an buɗe gadar sama ta Pen Cinema da sabon dogon Ikko zuwa Badun, a 2024 kuma jirgin cikin gari na jan layi ya fara ɗaukar fasinja. Gari yana sauya kama a gaban idonmu, gidajen da ke bakin dogo da yawa sun tafi, kuma duk gidan da aka rushe akwai labarin da ya bi shi.

Sai batun yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Agege mutum 459,939. Gwamnatin jihar Legas ta ƙi yarda, ta ce nata lissafin ya haura miliyan ɗaya. Ko da ƙaramin adadin muka ɗauka, mutum kusan 41,000 ke nan a kowane murabba'in kilomita. Tun daga wannan shekarar ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Kuma takardar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, saboda haka babu wata takardar hukuma da ta ce ga yawan Hausawan Agege.

A nan ne ra'ayina yake, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Akwai wata ɗabi'a a cikinmu, da an ce ƙidaya ko rajistar zaɓe sai mutum ya kwashi iyali ya yi gida. Hujjarsu ita ce kada yawan Arewa ya ragu, kuma can ne asali, can za a koma. Ina girmama wannan magana, don kowa ya bar gida gida ya bar shi. Amma mu duba. Ɗanka a nan yake makaranta, matarka a nan take awo, kwatar da ke cika muku ɗaki da damina a nan take. Da lissafin mutane ake raba mazaɓu, da shi ake tsara aji da asibiti da rumfar zaɓe. Idan ka kai kanka Kano ko Katsina aka ƙirga, ka dawo nan kana kukan ba a yi wa unguwarku aiki ba, to wa ka cuta? Mutumin da yake kwana wata goma sha ɗaya a Agege, a Agege ya kamata a rubuta shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Duk lokacin da rikici ya tashi, kamar na Ketu a 1999 da na Idi-Araba a 2002, kalmar farko da ake jifan mu da ita ita ce baƙi. Ba na cewa ƙasar Awori tamu ce, masu gari suna nan da sarautarsu, kuma girmama su wajibi ne. Amma wanda kakansa ya sauka a tashar nan tun zamanin Turawa, yana jin Yarabanci kamar ruwa, kaburburan iyayensa suna nan, ai ya wuce a kira shi baƙon jiya. Sai dai magana ta fatar baki iska ce. Rubutu shi ne shaida. Ku dubi Sabo ta Badun: wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna da mutanenta, ya fitar da littafi a kansu a 1969, har gobe da shi ake kafa hujja a jami'o'i. Mu sai yaushe, kuma sai wani ya zo daga waje?

Aikin nan bai fi ƙarfinmu ba. Ni iyakata sakandare, amma ina iya riƙe biro, kuma kowa yana da waya a aljihu. Kowane saurayi ya zauna da dattijon gidansu ya tambaye shi: daga wane gari kuka taso, a wace shekara, a gidan wa kuka sauka, wace sana'a ta kawo ku? A rubuta jerin sarakunan Hausawa da limamai da shekarunsu. A zana taswirar layukanmu da sunayen da muke kiran su, da masallatai da makarantun allo da rumfunan goro. Tsofaffin rasit da takardun fili da hotuna da ke cikin adaka, a ɗauke su a hoto kafin gara ta cinye. Iyayenmu mata ma kada a bar su a baya, don su ne suka san wa ya auri wa, da yadda aka haɗa jini da Yarabawa. In an tara, a kai kwafi fadar Sarki, a ajiye wani a makaranta, a sa wani a intanet.

Dattawan da suka ga zamanin jirgin gawayi kullum raguwa suke yi, kuma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Duk wanda yake da labari ko tsohon hoto na Zango, ko na Idi-Araba da Obalende da Mile 12, don Allah ya fara da na gidansu a wannan makon. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.