RA'AYINMU: Kada A Bar Lemun Majami'a Ya Kashe Na Gari

Sanin kowa ne cewa lemu ya riƙe gidaje da yawa cikin 'yan'uwanmu, musamman a Jihar Binuwai da kudancin Kaduna. Da kuɗinsa ake biyan makaranta, daga cikinsa ake fid da baiko. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ja hankalin ikkilisiyoyi game da cutar nan da ke hana lemu nuna, wadda muka kira cutar kore.

Ba da iska take zuwa ba. Wani ɗan ƙwaro ne, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ke tsotsar ruwan sabon tofo, ya kwashi ƙwayar cutar daga itace mai ciwo ya zuba wa mai lafiya. Hanya ta biyu kuwa hannunmu ne, wato auren lemu da reshen da ya kamu. Da zarar ta shiga, sai ta zauna cikin jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa.

Itacen ba ya zama kawai. Allah ya yi shi da dabarar kare kansa: in ya ji baƙo a jijiya, sai ya fid da wani abu mai kama da ƙaro ya toshe ƙananan kafofin, don kada cutar ta wuce gaba. To, a nan gizo ke saƙar. Toshewar ba ta tsai da cutar, amma tana tsai da abinci. Gari ya taru a ganye, saiwa ta yi ta mutuwa da yunwa a ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani. Sai daga baya ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya, gefe ɗaya bai yi kama da ɗayan ba, 'ya'ya su fito ƙanana a karkace, gindinsu kore, ga ɗaci, su zube tun ba su nuna ba. Kafin alamun nan su bayyana, itacen kan yi watanni, wani lokaci shekaru, yana raba ciwo ga maƙwabta.

Wanda ke ganin wasa ne ya dubi Jihar Fulorida ta Amurka. An gano cutar can a 2005. A kakar 2003/2004 sun tsinki akwati miliyan 242 na lemu, amma a ta 2022/2023 ko miliyan 20 ba su samu ba, ko da yake guguwa ma ta yi nata ɓarnar. Masu kuɗi da injuna ke nan. A 2020 kuma masana suka ba da rahoton ganin irin wannan ƙwaro a Jihar Oyo.

Mun san wasu za su tuna mana da mai lambun nan na Luka sura 13, wanda ya roƙa a ƙara wa ɓaure shekara guda ya zuba masa taki. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ɓauren nan bai harbi na kusa da shi ba. Taki kan ɗan jinkirta mutuwar lemu mai wannan ciwo, ba ya warkar da shi, kuma har yau manomi ba shi da maganinta.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawan ikkilisiya su gayyaci malamin gona ya duba lemun da ke harabar majami'a da gonar makaranta, domin ƙarancin taki ma kan sa ganye rawaya. Wanda aka tabbatar ya kamu a tumɓuke shi har saiwa, a fara da namu kafin a ce wa gwauruwa ta sare nata. In an sare nata kuwa, ikkilisiya ta saya mata wani dashen daga wurin da malaman gona suka amince da shi, ba daga bakin titi ba.