Fenti Mai Shafa Ɗaya, Yana Rufe Bango Kuwa?

Wannan mako zancenmu a kan fenti ne, irin wanda masu kanti ke cewa shafa ɗaya ta ishe shi. Abin da ya jawo zancen kuwa, da idona na gan shi a unguwarmu ta Ƙofar Kibo, cikin birnin Zariya.

Wata maƙwabciyata ce za ta yi wa ɗanta aure. Ɗakin da amarya za ta tare, bangonsa shuɗi ne mai duhu, ga hayaƙi ya ɓata kusurwa guda. Sai ta kwashi adashinta ta tafi kanti. Mai kanti ya ce, "Hajiya, ɗauki wannan. Shafa ɗaya an gama, kin huta da biyan mai fenti kwana biyu." Ta sayi galan guda, fari. Ran Alhamis da magariba aka gama shafawa, a hasken fitila ɗaki ya yi fes. Ran Juma'a da rana ta fito, sai ga shuɗi yana leƙowa nan da can, wurin hayaƙi kuma ya koma ruwan ƙasa. Ana cikin haka sai ga 'yan jere da gado da kwanuka. Wata gwaggon amarya ta dubi bango, ta ce, "Yaya, ko mai fentin bai ƙarasa ba ne?" Baiwar Allah nan sai da ta ci bashi ta sayo galan na biyu, aka jibge kayan amarya a tsakar gida har Asabar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, mai kanti ƙarya ya yi mata? Ba duka ba. Ku saurara in gaya muku yadda abin yake.

Abin da ke sa fenti ya rufe bango wani farin gari ne mai tsada, ana ce da shi farin titaniyam. Tun wajen 1920 aka fara sa shi cikin fenti. Fenti mai kyau yana da shi da yawa. Mai araha kuwa an cika shi da alli da ruwa, shi ya sa ake cewa araha ba ta ado. Mai shafa ɗaya an ƙara masa wannan gari, an kuma yi shi da kauri. Saboda haka yana rufewa, amma sai an cika sharaɗi uku: bangon ya zama an taɓa yi masa fenti, ya zama mai santsi da tsabta, sabon launin kuma ya yi kusa da tsohon. Fari a kan fari, ko ruwan madara a kan fari, shafa ɗaya ta isa. Fari a kan shuɗi ko kore ko ja, sai biyu, wani lokaci uku.

Akwai bango iri uku da shafa ɗaya ba ta yi musu kome. Na ɗaya, sabon filastan siminti. Shi ƙishirwa gare shi, yana shanye fenti kamar yashi. A bar shi ya sha iska kamar mako 4, sa'an nan a fara da fenti mai ruwa wanda aka tsinka, ya bushe, kana a bi da mai kauri. Na biyu, bangon da aka yi wa farar ƙasa. Ki goga tafin hannunki, in ya fito fari, to fenti ba zai kama ba, ɓarewa zai yi kamar ɓawon albasa. Sai an kankare tukuna. Na uku, bango mai hayaƙi ko maiƙo, irin na kusa da murhu. A wanke shi da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai, in ba haka ba tabon zai huda sabon fenti ya fito.

Mu mutanen Zazzau bai kamata a koya mana wannan ba. Garinmu ne garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu. Maginanmu na gargajiya ba su san aikin tashi ɗaya ba. A yi yaɓe, a jira ya bushe, sa'an nan a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Kowane shafe yana jiran ɗan'uwansa ya bushe.

'Yan makaranta, ga lissafi ku taimaki iyayenku da shi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 10 bisa, in an cire ƙofa da taga, bangonsa ya kai murabba'in mita 40. Lita guda ta fenti mai ruwa takan shafe kamar murabba'in mita 10 a bango mai santsi. Ke nan galan guda mai lita 4 shafa ɗaya ce, shafa biyu galan 2. Mai shafa ɗaya kuwa, da yake kauri gare shi, ba ya yin nisa haka, ga shi ya fi tsada. In mai fenti ya ga zai ƙare ya tsinka shi da ruwa, shi ke nan, ya koma fenti kamar kowane. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani kafin a biya kuɗi.

Ga shawarata. Kada ki sayi bokiti sai kin gwada. A shafa kaɗan, kamar faɗin faifai, a wurin da ya fi duhu, a bar shi ya kwana. Ki duba shi da hasken rana, ba da fitila ba. Gani ya kori ji. Kada a yi fenti ranar da hazon hunturu ya yi yawa, ƙura za ta manne. Kada kuma a yi shi a bangon da ya sha ruwan damina. In za a kankare tsohon fenti mai mai, musamman rawaya ko ja, a jiƙa shi tukuna, a fitar da yara da masu juna biyu, gama wasu irinsa suna da dalma, ƙurarta kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

In biki ne ko Salla, a fara aiki da saura mako 2, a kuma ajiye kuɗin galan na biyu a gefe. In ba a bukace shi ba, kuɗinki na nan. Maƙwabciyata har yanzu tana biyan bashin nata galan ɗin.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin. Sai mako mai zuwa.