Lafiya Uwar Jiki: Allura da Tsabtar Fata

A wannan wata za mu taɓa wata magana da ke yawo a garuruwanmu, daga Mai Wurno har ƙauyukan Jazira, wai allurar rigakafi tana kumbura gaɓa, tana gurgunta yaro. Irin wannan magana ce ke sa uwa ta ɓoye ɗanta a ɗaka ranar da masu rigakafi suka iso.

Gaskiya ne gaɓa tana iya yin mugunya bayan allura, amma ba safai hakan ke faruwa ba, kuma galibi ba ruwan maganin ne sanadi ba. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar kowannenmu. Idan tsinin allura ya ratsa fata mai dauɗa, sai ya tura su ciki. In kuwa aka soka can sama daf da ƙashin kafaɗa, maimakon tsakiyar tsokar damtse, to suna iya kaiwa cikin gaɓar kanta.

A ƙa'idojinta na 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fatar da ake ganin datti a kanta a wanke da ruwa da sabulu. Wajen rigakafi wannan ya wadatar. Allurar magani ta tsoka da ta jijiyar jini kuwa a goge wurin da sifirit, a bari ya bushe. Ta kuma hana audugar nan da ake jiƙawa a tara cikin gwangwani ana ɗiba. Saboda haka yaron da ya dawo daga hawasha, ko wanka a tur'a, mu yi masa wanka tukuna.

A ganinmu, abin tsoron yana cikin gida, inda maƙwabci "mai hannu" ke yi wa mai zazzaɓi allurar kwinin a ɗuwawu, wani lokaci da sirinjin da ya riga ya yi aiki. Mu dubi Masar: allurar tsargiya da aka yi wa ɗimbin jama'a daga shekarun 1950 zuwa 1980, da sirinjin da ba a dafa sosai ba, ita ta baza ciwon hanta a can.

Ɗan zafi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu bayan rigakafi ba komai ba ne. Amma in gaɓa ta ɗau zafi, zazzaɓi ya ƙi sauka, yaro yana ihu in an motsa hannun ko ƙafar, kada a tsaga, kada a yi ƙaho. A kai shi asibiti a ranar, domin mugunya tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki.